La'adar da ba a gani: abin da John Bogle ya ƙirga

Kwanakin baya wani aminina, tsohon malamin makaranta da ya ajiye aiki, ya zo mini da wata takarda mai sheƙi da aka ba shi a wani banki. An zana wani layi da ke ta hawa sama kamar hayaƙin murhu, an kuma rubuta cewa idan ya zuba ƴan kuɗin sallamarsa cikin asusun haɗaka, ƙwararru za su juya masa su a kasuwar hannun jari. Na tambaye shi: "Malam, nawa ne la'adarsu a shekara?" Ya yi shiru, ya juya takardar gaba da baya, sannan ya ce: "Wallahi ban tambaya ba, su ma ba su faɗa ba." Wannan mutum, in zai sayar da ragon layya a kasuwa, sai ya san abin da dillali zai ɗauka kafin a tafa. Amma ga gumin shekara talatin zai miƙa, tambayar ba ta ma zo masa a rai ba.

Wannan ne ya sa nake so in ba masu karatu labarin wani Ba'amurke da ya ƙare rayuwarsa a kan wannan tambaya guda. Sunansa John Bogle. An haife shi a jihar New Jersey a watan Mayu na 1929, ƴan watanni kafin kasuwar hannun jari ta New York ta rushe. Rushewar da matsin da ya biyo bayanta sun cinye dukiyar gidansu, mahaifinsa ya faɗa shaye-shaye, auren iyayen ya mutu. Da tallafin karatu da ƙananan ayyuka ya kai jami'ar Princeton. A can, cikin watan Disamba na 1949, ya ci karo da wani rubutu a mujallar Fortune a kan asusun haɗaka na birnin Boston, sai ya ɗauki batun ya yi kundin kammala karatunsa a kai, ya miƙa a 1951.

Kafin mu yi nisa, bari mu fayyace kalmomin. Asusun haɗaka shi ne inda dubban mutane ke tara kuɗinsu wuri guda, a ba wani manaja ya sayi hannun jarin kamfanoni da su, riba ko faɗuwa a raba gwargwadon abin da kowa ya zuba. Kamar dai mutanen gari su haɗa shanunsu su ba makiyayi guda, shi kuwa ya yanki ladansa kowace shekara, ko garken ya ƙaru ko bai ƙaru ba. Ma'aunin kasuwa kuma wani lissafi ne da ke nuna yadda farashin manyan kamfanoni gaba ɗaya ya motsa. Wanda ya fi suna a Amurka shi ne S&P 500, mai ɗauke da manyan kamfanoni kimanin 500. Alkawarin kowane manaja shi ne zai zaɓo maka kamfanonin da za su fi wannan ma'auni riba, saboda haka ne ma yake karɓar la'ada mai kauri.

A kundinsa, matashin Bogle ya riga ya nuna cewa waɗannan asusai ba su da hujjar cewa sun fi kasuwa gaba ɗaya, kuma kamata ya yi a tafiyar da su don amfanin masu kuɗin. Wani mai suna Walter Morgan, wanda ya kafa asusun Wellington a Philadelphia, ya karanta ya ɗauke shi aiki. To, a nan ne labarin ya fara yi mini daɗi, domin masu yabon Bogle kan tsallake wannan wuri. A 1960 wasu masana biyu suka ba da shawarar a kafa asusun da ba ya zaɓe, sai dai ya bi ma'aunin kasuwa kawai. Wa ya fito ya ƙaryata su? Bogle da kansa, a mujallar masu nazarin harkar kuɗi, amma da sunan aro, John B. Armstrong. Ya kawo alƙaluma don ya nuna cewa manajoji sun cancanci ladansu. Albashinsa a lokacin daga wannan lada yake fitowa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai da duniya ta yi masa atishawar tsaki sannan ya dawo kan maganarsa ta farko. A 1966, yana jan ragamar Wellington, ya haɗe kamfanin da na wasu matasan manajoji huɗu na Boston waɗanda tauraronsu ke haskawa a wancan zamani na sayen hannun jari ido rufe. Da kasuwa ta faɗi a 1973 da 1974, asusan suka yi mummunar asara, abokan haɗakar suka taru suka kore shi a watan Janairu na 1974. Shi da bakinsa ya sha faɗa daga baya cewa wannan haɗaka ce babban kuskuren rayuwarsa. Wani hani ga Allah baiwa ne. Da yake asusan suna da nasu majalisar daraktoci dabam da ta kamfanin da ke juya kuɗin, sai ya lallashe su su kafa wani sabon kamfani da zai riƙe musu takardu da lissafi, wanda asusan ne da kansu za su mallake shi, wato masu zuba kuɗin ne masu shi, babu wani na waje da zai kwashi riba. Ya raɗa masa suna Vanguard, sunan jirgin ruwan yaƙin da Nelson na Ingila ya hau a yaƙin bakin kogin Nilu a 1798. Kamfanin ya fara aiki a 1975.

An gindaya masa sharaɗi: ba shi ba zaɓen hannun jari, ba shi ba tallar asusu, waɗannan suna hannun waɗanda suka kore shi. Daidai lokacin ne Paul Samuelson, masanin tattalin arziki da ya karɓi kyautar Nobel, ya yi wani rubutu a 1974 yana ƙalubalantar masu harkar da su kawo shaidar cewa manajoji na fin kasuwa, in kuwa babu, wani ya kafa asusun da zai bi S&P 500. Tun 1968 ma wani mai bincike, Michael Jensen, ya duba asusai 115 daga 1945 zuwa 1964 bai ga alamar wannan fifiko ba. Bogle ya zauna da na'urar lissafi ya ƙirga da kansa, ya ga cewa cikin shekara talatin, daga 1945 zuwa 1975, matsakaicin asusu ya gaza ma'aunin da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari kowace shekara. Sai ya koma wa daraktocin da wata dabara: asusun da ke bin ma'auni ba ya buƙatar mai zaɓe, saboda haka kafa shi bai karya sharaɗi ba. Suka yarda. Ni ban ga laifi ba a ce rabin wannan ƙirƙira ilimi ne, rabi kuwa neman mafita ne na mutumin da aka rufe wa ƙofa. Kuma adalci ya sa a ambata cewa tun farkon shekarun 1970 bankin Wells Fargo ya gwada irin wannan ga asusan fansho. Abin da Bogle ya yi shi ne buɗe ƙofar ga ɗan albashi.

Ranar 31 ga Agusta 1976 aka buɗe asusun. An sa ran tara dala miliyon 150 (dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba), amma abin da ya shigo miliyon 11.3 ne kacal, wanda bai ma isa a sayi dukan kamfanoni 500 ɗin ba. Ƴan Wall Street suka riƙa kiransa wautar Bogle. Shugaban kamfanin Fidelity na lokacin, Edward Johnson, ya nuna bai yarda jama'a za su gamsu da riba ta tsaka-tsaki ba. A watan Fabrairu na 1977 Bogle ya ƙara wani ƙarfin hali, ya soke kamashon shiga, a zamanin da dillalai kan yanki har kashi 8.5 cikin ɗari tun kafin kuɗinka su taɓa kasuwa. Wato ya sallami dillalan da ke kawo masa masu saye, ya zauna jiran mutane su zo da ƙafarsu. Sun daɗe ba su zo ba.

Yanzu ga zuciyar maganar, kuma ba ta buƙatar digiri. Duk hannun jarin da ke kasuwa yana hannun wani. Idan aka haɗa masu zuba jari baki ɗaya, ribar da suka samu ita ce ribar kasuwa, ba ƙari ba ragi. Duk wanda ya fi kasuwa da jika guda, akwai wani da ya gaza ta da jika guda. Wannan kafin a cire kuɗin ɗawainiya ke nan. Da zarar an cire albashin manaja, da kamashon dillali, da kuɗin saye da sayarwa, da kuɗin talla, to dole jimillar masu zaɓe ta koma ƙasa da kasuwa da daidai abin da aka cire. William Sharpe, shi ma mai kyautar Nobel, ya rubuta wannan hujja a ɗan gajeren rubutu a 1991, kuma har yau ba a sami wanda ya rushe ta ba, domin tarawa ce da ɗebewa.

Mutane kan raina kashi 2 cikin ɗari. Mu ƙirga tare. A ce abokin nan nawa ya zuba sefa miliyon guda, wato jika dubu, kasuwa kuma tana ba da kashi 7 cikin ɗari a shekara (misali ne kawai, babu kasuwar da ke ɗaukar wannan alkawari), ya bar su shekara 30 bai taɓa ba. In babu la'ada ko kaɗan, zai tarar da kusan miliyon 7.6. In la'adar kashi 0.2 ce, zai tarar da kusan miliyon 7.2. In kuwa kashi 2 ce, abin da zai gani miliyon 4.3 ne. A duba da kyau: ribar da ya kamata ta zama miliyon 6.6 ta koma miliyon 3.3. Rabi ya tafi. Shi ya kawo kuɗin duka, shi ya ɗauki kasadar duka, amma an raba ribar biyu da shi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kuma abin da ya sa ba a jin zafin, ba a taɓa ce maka ka ciro kuɗin daga aljihu ka biya, ana tsame su ne a hankali daga cikin asusun kafin a nuna maka lissafi.

Wani zai ce ai akwai manajoji masu basira da ke fin kasuwa. Akwai, Bogle ma bai musa ba. Matsalar ita ce gane su tun kafin, ba bayan an gama tsere ba. Wanda ya yi fice a shekara biyar da suka wuce sau da yawa shi ne ke komawa baya a biyar masu zuwa, kuma asusan da suka kasa akan rufe su ko a narkar da su cikin wasu, sai su ɓace daga lissafi, a bar mana masu kyau a takardar talla. Kamfanin S&P yana fitar da rahoto a kan wannan tun 2002, kuma abin da yake nunawa a kai a kai shi ne, in aka ɗauki shekara 15, kusan 9 cikin 10 na asusan manyan kamfanonin Amurka sukan gaza ma'aunin. Warren Buffett, wanda shi kansa gwanin zaɓe ne, ya yi fare na dala miliyon guda da kamfanin Protégé Partners cewa daga 2008 zuwa 2017 asusun Vanguard mai bin S&P 500 zai fi zaɓaɓɓun asusai biyar na ƙwararru masu tsadar la'ada. Asusun ya ƙaru da kusan kashi 126 cikin ɗari, babu ko ɗaya cikin biyar ɗin da ya kusanto shi. Fidelity kuwa, da aka yi wa abin dariya a cikinsa, a 2018 ya fito da asusan bin ma'auni da ba a biyan la'ada ko tamma. A 2019 kuɗin da ke cikin irin waɗannan asusai na hannun jarin Amurka suka zarce na masu zaɓe.

Abin da ya fi burge ni game da mutumin ba nasarar ba ce, tsarin mallakar nan ne. Lokacin da ya rasu a watan Janairu na 2019, yana da shekara 89, Vanguard na riƙe da kusan dala miliyar 5,000. Da a ce ya mallaki kamfanin kamar yadda sauran masu kafa irinsa suka yi, da yana sahun attajiran duniya. An ƙiyasta abin da ya bari da kusan dala miliyon 80, kuɗi ne masu yawa, amma ba a bakin komai suke ba in aka gwada da na takwarorinsa. Duk wannan kuma da zuciya mai ciwo ya yi shi. Bugun zuciya na farko ya same shi yana da shekara 31, wasu suka biyo baya, har aka yi masa dashen wata zuciyar a 1996. A shekarar ya sauka daga shugabanci, a 1999 kuma aka fitar da shi daga majalisar daraktoci bisa dokar shekara 70, abin da bai yi masa daɗi ba. Ya koma wani ɗan ofis na bincike a harabar kamfanin, yana ƙirga, yana rubuta littattafai, yana sukar masu harkar, har da magadansa a wasu lokuta.

Sai dai ban zo nan don in mai da shi waliyyi ba. Asusun bin ma'auni ba ya kare kowa daga faɗuwa. A 2008 S&P 500 ya zube da kusan kashi 37 cikin ɗari, duk mai irin wannan asusu ya zube tare da shi, babu manajan da zai ce a tsaya. Shawarar Bogle ita ce a daure kar a sayar. Magana ce mai sauƙi ga mai albashi da gida, mai wuya ga wanda ɗansa ke kwance asibiti a watan da kasuwa ta faɗi. Yana kuma da taurin kai. A 1992 wani mai suna Nathan Most ya kawo masa shawarar asusun bin ma'auni da za a riƙa saye da sayarwa a kasuwa kowane lokaci kamar hannun jari, ya ƙi, yana ganin hakan zai mai da masu ajiya ƴan caca. Kamfanin State Street ya fito da shi a 1993, kuma irin wannan asusu, da ake kira ETF, yau ya cika duniya, har Vanguard ɗin ma yana sayar da su. A ganina yana da gaskiya a kan halin ɗan Adam, amma ya yi kuskure a kan kayan aikin.

Babbar damuwar kuwa shi da kansa ya tayar da ita, makonni kaɗan kafin rasuwarsa, a wani rubutu a jaridar Wall Street Journal a watan Nuwamba na 2018. Kamfanoni uku, BlackRock da Vanguard da State Street, sun tara kusan kashi ɗaya cikin biyar na hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, kuma su ke kaɗa ƙuri'a a madadin masu kuɗin. Ya ce in abin ya ci gaba haka, ƴan tsirarun mutane ne za su riƙa yanke hukunci a kan kamfanonin ƙasar baki ɗaya, kuma bai ga alheri ga ƙasa a ciki ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ba kowane tsuntsu ke fitowa ya ce ni na ja ba. Akwai kuma tambayar da ba a gama amsawa ba: in kowa ya koma bin ma'auni, wa zai zauna ya binciki littattafan kamfanoni don a san farashin gaskiya? Mai bin ma'auni yana cin gajiyar wahalar masu zaɓe ne ba tare da ya biya su ba.

To mu fa? A nan nake jan hankalin masu karatu kada a kwaso tsarin Amurka a dire mana shi yadda yake. Kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, wadda ƙasashe takwas na UEMOA suka yi tarayya a cikinta tun 1998, kamfanonin da ke ciki ba su kai 50 ba, yawancinsu na Kodibuwa ne, kuma kamfanonin waya biyu, Sonatel da Orange na Kodibuwa, su ke da kaso mafi tsoka. Wanda ya sayi wannan ma'auni bai sayi tattalin arzikin Afirka ta Yamma ba, ya sayi waya da bankuna ne da ƴan masana'antu. Noma da kiwo da fatauci, waɗanda su ne ke ciyar da mu, ba su da wani kaso mai yawa a ciki. A maƙwabciyarmu Najeriya an fara samun asusan bin ma'auni tun 2014, har da na kamfanin Lotus mai tace kamfanoni bisa ƙa'idar shari'a, amma ƴan'uwanmu na can ba su manta 2008 ba, lokacin da ma'aunin kasuwar Legas ya faɗi da kusan kashi 46 cikin ɗari, ya tafi da kuɗin waɗanda suka ci bashin banki don sayen hannun jarin banki. Ga kuma faɗuwar darajar naira, wadda ke iya cinye ribar da aka gani a takarda. A ƙaramar kasuwa mai ƙarancin ciniki, mai yiwuwa ne manaja mai ido ya fi amfani fiye da yadda yake a New York. Amma hujjar tarawa da ɗebewa ba ta san iyakar ƙasa ba, la'ada a Abijan ma daga aljihun mai kuɗi take fita.

Shi ya sa na ce wa abokina ya koma bankin da tambayoyi, kuma ya nemi amsa a rubuce. Nawa ake cira ranar shiga? Nawa ake cira kowace shekara, a haɗa komai da komai? Nawa ake cira ranar fita, kuma kwana nawa zai jira kafin kuɗinsa su dawo hannunsa? Sannan a nuna masa abin da asusun ya yi cikin shekara biyar ko goma, gefe da gefe da abin da ma'aunin BRVM ya yi a daidai wannan lokaci, tare da rabon ribar kamfanoni a ciki. Hukumar da ke sa ido kan kasuwar kuɗi ta yankinmu ya kamata ta tilasta a buga waɗannan alƙaluma a shafin farko na kowace takardar talla, da manyan baƙaƙe, ba a shafi na goma sha biyu da rubutun da sai an sa tabarau ba. Ya kamata kuma a fassara su da harsunan da masu kuɗin ke ji.

Ya koma. An karɓe shi da fara'a, an ba shi amsar ta farko da ta uku nan take. Ta biyu aka ce sai an tambayi babban ofis, kwatancen da ma'auni kuwa yarinyar da ke kan tebur ta ce ita ba a taɓa tambayarta wannan ba tun da ta fara aiki. Har ranar da nake wannan rubutu kuɗinsa na nan a asusun ajiya, yana jiran babban ofis.